Yadda Bashin Firam 13 Ya Kusa Raba Ni Da Ɗan Ƙanwata

Na san wasu dattawan Zango da suka saba ganina a rumfar kayan gyaran mota za su riƙe baki idan suka ga magidanci mai 'ya'ya uku ya ɗauki alƙalami, maimakon ya yi maganar tsadar masara ko kuɗin makaranta, sai ya ɓuge da maganar gem. To a yi mini uzuri. Abin da ya sa ni wannan rubutu ya fi ƙarfin wasa a wurina, domin saura ƙiris ya raba ni da wani yaro wanda amanarsa take wuyana.

Abin ya samo asali ne tun shekarar 1999, ina ɗan shekara 16. A bayan layinmu a nan Zangon Kumasi akwai wani ɗaki mai talabijin biyu, da benci uku, da wata fanka wadda ba ta juyawa sai an tura ta da kara. Mai ɗakin yana da PlayStation ta farko wadda ɗan'uwansa ya kawo masa daga Ingila, da faifan Tekken 3, wasan faɗa na kamfanin Namco na ƙasar Japan, wanda ya fito a kan wannan na'ura a 1998. Dokar ɗakin guda ɗaya ce: wanda aka kayar ya biya ya tashi, wanda ya ci ya ci gaba da zama. Ni kuwa sai in zauna tun bayan la'asar har rana ta faɗi ban sa hannu a aljihu ba. Yawancin yara Eddy Gordo suke ɗauka, mutumin Barazil ɗin nan mai wulƙitawa, su yi ta dannan maɓallan ƙafa ba ji ba gani, duk abin da ya fito shi ke nan. Ni King nake ɗauka, ɗan kokawar Meziko mai rufe fuska da kan damisa. Makamina guda ne, wani shuri da yake yi da ɗan tsalle, wanda idan ya sami mutum sai ya cilla shi sama, kafin ya faɗo ka ƙara masa uku ko huɗu. Da wannan shuri na yi suna, har yara suka riƙa ce mini sarkin ɗaki, ni kuma na sakankance cewa an ba ni kaifin ido da saurin hannu fiye da duk tsarana.

Shekaru suka shuɗe, aure ya zo, rumfa ta zo, na manta da King. A 2021 mijin ƙanwata ya rasu ya bar ta da yaro namiji. Yaron nan irin masu shiru-shirun nan ne, ko me ka tambaye shi amsarsa ba ta wuce "to" da "lafiya lau". Na yi iya dabarata in ja shi a jiki, abin ya faskara. Ana nan sai a 2024 wani abokina da ke Jamus ya aiko mini da PlayStation 5 haɗe da Tekken 8, wanda ya fito ranar 26 ga Janairun waccan shekara. Da yaron ya ji labari sai ya fara zuwa gidana kowace Asabar. Lokacin yana da shekara 15. Ashe ya daɗe yana buga wasan a gidajen gem, Kazuya yake ɗauka, kuma da zarar ya riƙe hannun gem sai bakinsa ya buɗe. A gaban talabijin ɗin nan na fara jin labarin makarantarsa, da abokansa, da abin da ke damun mahaifiyarsa wanda ita ba za ta taɓa gaya mini ba.

Sai dai fa akwai wani hanzari ba gudu ba. Yaron nan kayar da ni yake yi, kayarwa kuwa ba ta mutunci ba. Mu yi goma, in tashi ba ko ɗaya. Duk lokacin da na saki shurin nan nawa sai ya tare, kafin in ankara ya zuba mini naushi uku na kwanta, alhali kuwa ina riƙe da maɓallin baya, wato ina karewa, amma King ya ƙi karewa. Idan kuma shi ne ya kawo wani naushi nasa mai walƙiya na tare, na ce to yanzu nawa ya zo, sai in kai hannu in ga ni ne a ƙasa. Na ce hannun gem ɗina ne ya lalace, muka yi musaya, ba ta sake zane ba. Wata Asabar ya zo da abokansa biyu, suna kallo ya yi mini bakwai a jere, ɗaya daga cikinsu ya ƙyalƙyale da dariya. Nan take zuciya ta ɗebe ni na ce masa lalle akwai abin da ya taɓa a cikin na'urar, ku yaran yanzu ba abin da kuka iya sai coge. Yaron ya ajiye hannun gem a hankali ya ce, "Kawu, ban taɓa komai ba." Ya shiga ciki ya yi wa maiɗakina sallama, ya tafi.

Asabar uku ban gan shi ba. A ta huɗu ƙanwata ta tare ni a wurin wani suna ta ce, "Yaya, me ya haɗa ka da ɗanka? Ya koma gidan jiya, ko magana ba ya yi." Kunya ta rufe ni. Na kira maraya macuci a gaban abokansa, ba ni da hujja ko ɗaya sai dai ya fi ni iyawa. Washegari na je har gida. Mai karatu ya san yadda bakin babba yake nauyi a irin wannan wuri. Abin da na iya cewa shi ne, "Na yi maka ba daidai ba. Ka zo ran Asabar ka nuna mini yadda kake yi." Ya zo kuwa, riƙe da wani tsohon littafin rubutu na makaranta wanda ya cika da layukan lambobi, wasu da alamar tarawa a gabansu, wasu da alamar ɗebewa.

Ga abin da ya koya mini, gwargwadon yadda na fahimta. Motsin da muke gani a talabijin hotuna ne tsayayyu ake jerawa da sauri. A wasannin faɗa, na'ura tana zana hoto 60 a cikin sakan guda, kowane hoto kuma sunansa firam. Firam shi ne agogon wasan, da shi ake auna komai. Kowane bugu yana da gaɓa uku. Akwai ɗauka, wato firam nawa ne daga danna maɓalli zuwa lokacin da bugun zai iya taɓa mutum. Akwai sauka, wato ɗan lokacin da bugun yake ci. Sannan akwai maida hannu, lokacin da mai bugun yake komawa tsayuwarsa, kuma a cikinsa ba ya iya komai, ko karewa. Shi ma wanda ya tare bugun ba a sake yake ba, akan daskarar da shi na wasu firam. To duk lissafin a kan tambaya guda yake: bayan an tare bugu, wane ne zai riga wani sakuwa, kuma da firam nawa?

Ina jin haka sai dakan fufu ya faɗo mini a rai, wanda duk wanda ya zauna a garin nan ya san shi. Mai taɓarya yana tsaye yana lugude, mai juyawa tana zaune tana sa hannu a turmi. Hannun nan ba ya shiga sai taɓarya tana sama, kuma ba don idonta ya fi na kowa kaifi ba ne take tsira da yatsunta, a'a, ta san tsawon lokacin da taɓarya ke ɗauka kafin ta dawo, har jikinta ya haddace. Ni kuwa shekara da shekaru ina cusa hannu a turmi duk lokacin da na ga dama, ban rasa yatsa ba don kawai waɗanda ke riƙe da taɓaryar a wancan ɗaki ba su san daka ba.

Da yake ni ɗan kasuwa ne, sai na sa wa lambobin sunan da zan gane. Idan aka tare bugunka kuma kai ne ka riga sakuwa, kana da rara. Idan abokin karawarka ne ya riga, ana bin ka bashi. Yaron ya buɗe shafin King ya ɗora yatsa a kan shurina: ɗauka firam 15, idan an tare bashin firam 13. Sannan ya ce a Tekken naushi mafi sauri da kusan kowa yake da shi, ɗan naushin hagu, firam 10 yake ɗauka. Ke nan duk bugun da bashinsa ya kai 10, wanda ya tare yana da ikon ramawa kyauta, babu abin da mai bugun zai danna ya tsira. Ni bashina 13, naushi ukun Kazuya suna farawa a 10, har da canjin firam 3 ya rage masa. Ashe King bai ƙi karewa ba, ƙafarsa ce ba ta gama dawowa ƙasa ba. Na dubi lambar nan na daɗe ban ce komai ba. Wata uku ina kai wa yaro kyautar duka da hannuna, sannan na juya na ce shi ne macuci.

Na biyun ma ya fi ba ni mamaki. Naushin nan mai walƙiya, wanda zuriyar Mishima suka yi suna da shi a wasan, idan an tare shi mai shi ne ke da rarar firam 5. To ni da na tare sai in ga kamar lokacina ne, in kai naushin hagu. Lissafa da kanka, mai karatu: sai na jira firam 5 kafin in motsa, in ƙara 10 na ɗauka, naushina zai isa a firam na 15. Shi kuwa yana da wani naushin ciki mai firam 14, kuma idan ya sami mutum yana tsakiyar kai hannu, sai ya durƙusar da shi a buɗe masa jerin duka. Wato 14 da 15. Firam ɗaya tak, kashi ɗaya cikin sittin na sakan, shi ne tarkon da na riƙa faɗawa kowace Asabar. Ba sauri ya fi ni ba, ya san na wane ne lokacin, ni ban sani ba.

Na ce masa to ai mai kaifin ido zai ga bugun yana zuwa ya kare. Ya yi murmushi. Ɗan'adam, tsakanin ya ga abu da ya motsa yatsa, yakan ci wajen rubu'in sakan, wato kimanin firam 15, wannan ma idan abu guda yake jira. Naushin firam 10 ya riga ya isa kafin ƙwaƙwalwa ta ba da umurni. Abin da ake iya gani a kare shi ne bugu mai nauyi, kamar sharar ƙafar Bryan wadda take cin kusan firam 30 kafin ta iso. Sauran duk sani ne da hasashe. Daɗin daɗawa, da na gaya masa cewa na'urar da na yi sarauta a kanta daga Ingila ta zo, sai ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba. Talabijin na ƙasashen Turai a wancan zamani hoto 50 yake nunawa a sakan, ba 60 ba kamar na Japan da Amurka, kuma Tekken 3 da aka sayar a Turai a kan 50 ɗin yake tafiya. Ma'ana wasan da na yi suna a kansa an rage masa gudu da kashi ɗaya cikin shida. Wannan kam ta shige ni, amma na haɗiye.

A zamaninmu ba mu da inda za mu ga waɗannan lambobi. Masu ƙwazo a wasu ƙasashe su ne suke ɗaukar wasan a bidiyo, suna ƙirga hotunan ɗaya bayan ɗaya, su rubuta su raba wa juna. Daga baya kamfanoni suka fara sa su a cikin wasan. Mortal Kombat X na 2015 ya jera su a gefen kowane bugu. Masu Tekken 7 kuwa da suka fito da nasu a Disambar 2019 sayarwa suka yi a kan kusan dalar Amurka 4, abin da ya jawo musu surutu, kuma a ganina surutun yana kan hanya, domin ba a sayar wa mutum mota sannan a ce ya sake biyan kuɗi kafin a nuna masa agogon mai. A Tekken 8 kyauta suke a fagen gwaji. Street Fighter 6 na kamfanin Capcom, wanda ya fito a Yunin 2023, ya zo da wani ma'auni a ƙasan allo mai launi-launi, kore na ɗauka, ja na sauka, shuɗi na maida hannu. A can bugu mafi sauri firam 4 ne, saboda haka bashin 4 ma yana iya jawo wa mutum ramuwa. Kowace kasuwa da mudunta. Kuma lambobin ba a dutse aka sassaƙa su ba, masu wasan sukan sauya wasu idan sun yi gyara, shi ya sa littafin yaron ya sha gogewa.

Da farko na so in haddace littafin gaba ɗaya, kamar yadda na haddace lambobin kayan rumfata. Yaron ya hana ni. Kowane ɗan wasa a Tekken yana da bugu masu yawan gaske, 'yan wasan kuma sun haura 30, wa zai iya? Ya ce in riƙe abu uku kawai. In san bashin bugu biyar da na fi yawan amfani da su. In san bugu biyar na Kazuya da suka fi damuna, wanne ne zan rama, wanne ne zan haƙura. Sannan in san makamin ramuwata na firam 10 da na firam 15, domin bashi ƙarami da naushi ake karɓarsa, bashin da ya kai 15 kuwa da cilla mutum sama. Na riƙa shiga fagen gwaji da dare bayan yara sun kwanta, in sa na'ura ta yi ta maimaita bugu ɗaya, ina tarewa ina ramawa, minti ashirin kullum. Sanin lamba daban, yatsa ya yarda da ita daban. Sai da na yi wajen mako uku kafin hannuna ya daina jiran shawarar kaina.

Nan kuma sai na faɗa wani ramin. Tsoron bashi ya kama ni, na zama kamar ɗan kasuwar da aka taɓa cinye wa jari, ba ya saye ba ya sayarwa. Da na ga yaron yana da rara ko ta firam 1 ce, sai in ƙame ina karewa. Shi kuwa da ya lura sai ya daina naushi, ya riƙa zuwa yana kama ni yana makawa da ƙasa, ko ya share mini ƙafa, tun da a tsaye nake karewa. Na ce ai lissafinka ne ya ce kada in motsa. Ya ce, "Kawu, lissafi ya ce kada ka kai naushi, bai ce ka zama gunki ba." Ashe ƙaramin bashi ba ya hana mutum gocewa gefe. Naushin walƙiyar ma sama yake bi, idan ka hasaso zuwansa ka durƙusa sai ya wuce ta kanka, mai shi ya zama nama. Akwai kuma abin da lamba ba ta faɗa, wato tazara. Paul yana da wani shahararren naushi mai bashin firam 17, wanda a takarda ka ce kowa zai cilla shi sama, amma idan ka tare yakan tura ka baya har ɗan gajeren hannu ya kasa kai masa. Lamba tana gaya maka ko kana da lokaci, ba ta gaya maka ko hannunka zai kai, balle ta gaya maka abin da ke zuciyar wanda ke zaune kusa da kai.

Wannan na ƙarshen ne ya sa na fara kallon yaron maimakon kallon allo kawai. Na lura cewa idan jininsa ya yi ƙasa, ko idan na tare masa naushin walƙiya sau biyu a jere, haƙurinsa yakan ƙare ya kawo sharar ƙafa. Sharar Kazuya ta fi ƙarfin ido, ba a ganinta a kare, sai dai a hasaso. Amma na duba littafin da kaina na ga cewa idan aka durƙusa aka tare ta, bashinta ya haura firam 20. Ban gaya masa na duba ba.

Wata Asabar cikin damina, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, muna zagaye na ƙarshe, kowa jininsa saura kaɗan. Ya kawo walƙiya na tare, ban motsa ba. Ya sake kawowa na tare, na danne yatsana da ƙyar. Sai na ji ya gyara zama a kan kujera. Na durƙusa. Sharar ta zo ta daki kariyata, Kazuya ya yi tangaɗi, ni kuwa na saki shurin nan nawa na 1999, mai ɗaukar firam 15, a cikin bashin da ya haura 20. Ya tashi sama, na bi shi da ukun da na saba, wasa ya ƙare. Ihun da na yi sai da maiɗakina ta fito daga madafa da ludayi a hannu tana tambaya ko wani abu ne ya kama da wuta.

Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, ka duba littafina." Na ce na duba. Ya jawo littafin ya buɗe shafin baya, inda ashe yake rubuta sakamakon kowace Asabar tun ranar farko, ya rubuta 9 da 1. Har yau ban taɓa wuce 3 cikin 10 ba, kuma tun daga ranar ya rage sharar ƙafa, ya koma wani sabon tarkon da ban gama gano kansa ba. Ruwa bai tsaya ba sai bayan isha'i, saboda haka a gidana ya kwana, kuma a daren ne ya gaya mini cewa yana son ya karanta ilmin kwamfuta idan ya gama sakandare, amma yana jin nauyin gaya wa mahaifiyarsa saboda kuɗin. Na ce ya bar wannan a hannuna, ya ɗauki hannun gem mu ƙara ɗaya kafin a ɗauke wuta.